Layi Biyun da Ban Kwafa Ba

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku game da rayuwarsu, yau ni ma na ɗauki biro. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har na asibitin, domin laifin da zan faɗa nawa ne ni kaɗai. Zan kuma bi labarin daki-daki yadda ya faru, saboda ba na son a fara magana daga tsakiya.

A shekarun nan da arzikin mai ya cika ƙasa, ina matashi, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kankara. Iyakar karatuna aji bakwai na firamare, sai ɗan horon da aka ba mu kafin a ɗauke mu aiki. Aikina auna zafin jiki, wanke gyambo, canza zanen gado da juya marar lafiyar da ba ya iya juyawa da kansa. Amma a gari malamin asibiti ake ce mani, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Ina da farar riga da nake gogewa kullum, da biro uku a aljihu, shuɗi da baƙi da ja, kowanne da wurinsa. Lokaci ne na murna. Kwalta tana shigowa, an kawo mana janareto, an ƙara mana ɗakin kwanciya, ni ma na sayi sabon babur bayan ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata. Sannan aka turo mana likita ɗan ƙasar Indiya, gajere mai saurin tafiya, wanda ya koyi Hausa ta kasuwa yana yin ta ba kunya.

Likitan nan yana da wani kati a ƙarƙashin gilashin teburinsa, wanda ya zo da shi daga inda ya yi karatu. Da shi yake auna waɗanda suka suma ba su farfaɗo ba, irin waɗanda mota ta kaɗe a sabuwar kwalta ko waɗanda suka faɗo daga bishiya. Katin ya kasu gida uku. Gida na farko ido: wanda ya buɗe da kansa huɗu, wanda sai an kira shi uku, wanda sai an matse shi ya ji zafi biyu, wanda bai buɗe ba sam ɗaya. Gida na biyu magana, daga biyar ga mai magana cikin hayyacinsa, har zuwa ɗaya ga wanda ko nishi ba ya yi. Gida na uku motsi, daga shida ga wanda aka ce ɗaga hannu ya ɗaga, har zuwa ɗaya ga wanda ko an matse shi ba ya motsawa. Idan ka haɗa, lafiyayye goma sha biyar, mafi ƙanƙanta kuma uku. Ranar da na fahimci wannan abu, daɗi ya cika ni. Ga abin da muke tsayawa a kansa muna cewa wane ya ji sauƙi ko wane jiki ya yi nauyi, kowa na faɗin abin da ya ga dama, ashe wasu sun zauna sun jera shi, sun ba kowane mataki lamba.

Na sayi sabon littafi mai bango mai ƙarfi. Rannan da likita ya tafi cin abincin rana, na zauna a teburinsa na ja layi da rula, na kwafe katin gida-gida, na rubuta Hausarsa a gefe da jan biro. A can ƙasan katin akwai layi biyu da likita ya ƙara da hannunsa, ƙananan haruffa a haɗe, irin rubutun likitoci. Na duba na kasa karantawa. Ba su da lamba a gabansu. A tunanina na lokacin, duk abin da ba a ba lamba ba ƙarin bayani ne, ba ya cikin aikin. Tambaya kuwa ban yi ba, don kada likita ya san na taɓa masa tebur, kuma kada sista, babbar nas ɗinmu, ta ji cewa malamin asibiti bai iya karanta Turanci mai haɗe ba. Na rufe littafina na sa a aljihu.

Daga nan na fara aunawa a ɓoye. Duk wanda aka kawo a sume, sai na faki ido na je na matse masa farce da biro, na kira shi a kunne, na rubuta lamba. Aka kawo wani direba na samu huɗu, na ce a raina ba zai kai ba, bai kai ba. Aka kawo wani magini na samu goma sha ɗaya, na gaya wa 'yan uwansa su kwantar da hankali, ya tashi. Labari ya bazu cewa akwai wani yaro a asibiti mai littafin da ke nuna wanda zai tashi. 'Yan jinya suka riƙa tare ni a baranda suna cewa Malam a duba mana namu. Ina ɗaure fuska ina cewa rai na Allah ne, amma a cikina daɗi nake ji, kuma ina dubawa.

Yanzu sai in gabatar da Kawu. Yayan mahaifiyata ne, manomi a Tafoki ta ƙasar Faskari. Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina, shi kuma ya tsaya aka sa ni makaranta lokacin da dangi ke cewa a bar ni a gona. Yana noman dawa da masara da auduga, yana da shanun huɗa biyu da yake yi wa magana kamar mutane, yana yi musu faɗa idan sun karkace daga kunya. Babban ɗansa sa'ana ne, taubashina, tare muka tashi a ɗaki ɗaya. Shi ne kaɗai ba ya jin nauyin farar rigata. Da ya ji labarin littafina sai ya ce ashe gwamnati ta fara ɗaukar 'yan duba aiki, wai in duba masa ko budurwarsa ta Mairuwa za ta amsa, in ba haka ba ya ƙona littafin.

Wata ranar kasuwa a tsakiyar damina, da hantsi, sai ga su su biyu. Sun zo sayen kanwar shanu, Kawu kuma ya ce sai ya ga babur ɗin nan da ake ta ba shi labari. Ya zagaya shi, ya taɓa madubi, ya ce in dai na kayar da kaina a kansa kada a zo masa da kuka. Sai na lura yana gumi ba zafi ake ba, yana dafe ƙirji. Ya ce tun a mota yake jin kamar an ɗora masa buhun dawa, amma ba komai, furar da ya sha ce ba ta dahu ba. Na ja shi na tsallake layi na kai shi gaban likita. Yana cikin gaya wa likita cewa shi lafiyarsa lau, ɗan ƙanwarsa ne mai neman a san yana aiki, sai maganar ta yanke. Ya sulale daga kujera.

Ban taɓa ganin abin da na gani a ranar ba. Likita ya taɓa wuyansa, ya yi tsawa cewa zuciya ta tsaya, ya miƙe shi a ƙasa, ya durƙusa ya haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa yana dannawa yana ƙirga da ƙarfi. Sista, wata dattijuwa da ta fi kowa daɗewa a wurin, ta rugo da robar hura iska ta ɗora masa a fuska tana matsawa. Aka yi masa allura. Ni aka cilla mani agogo aka ce in riƙa faɗin minti. Na faɗi ɗaya, na faɗi biyu, na faɗi uku, gumin likita yana ɗiga a kan rigar Kawu. Ban kai ga faɗin na biyar ba sai likita ya tsaya, ya sa yatsu a wuya, ya ɗago ya kalle ni yana dariya yana haki, ya ce ta dawo. Na fita da gudu na rungume taubashina a baranda, mutanen da ke layi suka ɗauki kabbara, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa a cikin asibiti ba wanda ya hana ta.

Sai dai Kawu bai farka ba. Bayan mun kai shi gado ya fara jijjiga, hannu da ƙafa suna fizga. Likita ya sa a yi masa allurar da ke kwantar da jijjiga, mai sa barci mai nauyi. Ni da hannuna na miƙa wa sista kwalbar. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa. Jikin ya lafa. Aka sa masa ƙarin ruwa da iskar numfashi. Ana cikin haka aka aiko mota daga wani ɗakin shan magani a ƙauye, wata mata haihuwa ta gagara. Likita shi kaɗai ne a duk yankin, dole ya tafi. Kafin ya shiga mota ya bar umarni: a kwantar da shi a gefe, a juya shi duk bayan awa biyu, kada a sa masa komai a baki, sai ya dawo da safe.

Bayan azahar taubashina ya same ni a bakin ɗakin. Ba wasa a fuskarsa. Ya ce in ajiye maganar likita, in fito da littafin nan in gaya masa gaskiya, ai mahaifina ne ni ma. Na shiga na ja labule. Na kira Kawu a kunne, shiru. Na matse masa farce da biro, ko gezau. Ido ɗaya, magana ɗaya, motsi ɗaya. Na sake, na kuma sakewa, don ni ba na yin abu sau ɗaya. Uku. Na fito na gaya masa. Ya tambaye ni mene ne uku. Sai na faɗi maganar da har yau idan na tuna ta nake runtse ido: na ce masa babu lambar da ke ƙasa da ita, ko gawa aka auna uku za ta samu.

Ya jingina da bango. Ya ce Baba ya sha faɗa musu cewa ba ya so ya cika a gadon ƙarfe cikin baƙi, yana so a ɗakinsa, iyalinsa a gefe, ana tuna masa kalmar shahada. Haka muke yi a wajenmu, idan asibiti ya gaza sai a maida mutum gida ya cika cikin nasa. Ya tambaye ni ko su tafi da shi. Ban ce a jira likita ba. Na ce su yi sauri ma, don su isa da sauran ransa. Sista ta tare mu a ƙofa. Ta ce mutumin nan allura ce a jikinsa, mu bari gari ya waye likita ya dawo. Na ji ta da kunnena, amma na ɗauka kishi ne, don ita shekara da shekaru ba ta da littafi irin nawa. Na ce mata iyalinsa ke da iko da shi. Ta kawo takarda taubashina ya dangwala yatsa, ta ƙi taɓa Kawu, ta ce duk wanda ya yanke wannan shawara shi zai cire. Ni na cire allurar ƙarin ruwan daga hannunsa. Ni na rufe tulun iskar. Aka shimfiɗa tabarma a bayan a-kori-kura muka ɗora shi. Taubashina ya biya kasuwa ya yanko alawayyo na likkafani. Na sami direban da ke zuwa wajen Sabuwa na ba shi saƙo ga ɗiyar Kawu da ke aure a Damari cewa ta taho. Ni aiki ya riƙe ni, na ce zan zo da safe a yi jana'iza da ni.

Da sassafe likita ya dawo, takalmansa duk laka, bai ko zauna ba ya nufi gadon Kawu. Ya tarar da sabon zane a shimfiɗe. Ya juyo yana tambaya, ni kuwa na matso na buɗe littafina na miƙa masa, ina ganin zai yi baƙin ciki amma zai yaba da tsarina. Ya duba shafin, ya juya na gaba, ya dawo, kamar mai neman wani abu da ya ɓace. Sai ya kama ni a wuyan hannu, ya ja ni har ofis, ya ɗora yatsa a kan layi biyun nan na ƙasan gilashi. Ya kira sista ya ce ta fassara mani da Hausa don kada in ce ban gane ba. Layi na farko ya ce kada a yanke hukunci da wannan lissafi a kan wanda aka yi wa allurar barci, sai ta bar jikinsa. Layi na biyu ya ce wanda zuciyarsa ta tsaya aka dawo da ita, lambar ranar farko ba hukunci ba ce, a yi ta aunawa har kwana uku a ga ko hawa take ko sauka, a kuma haɗa da sauran alamu. Sannan ya ce mani da gurguwar Hausarsa wai barci na auna, ba mutuwa ba.

Na jawo kujera zan zauna. Amma bai ba ni lokacin zama ba. Ya cusa kwalbar ƙarin ruwa da allura a jaka ya rataya mani, ya ce shi ba zai iya barin marasa lafiya ba, in hau babur ɗin nan da nake taƙama da shi. Idan na same shi da rai, in kwantar da shi a gefe, in hana a ba shi komai, in kawo shi ko a ka ne.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba, kuma ban sake ba. A kan kwalta na murɗe babur har hannuna ya yi tsami, iska tana cika mani riga, ina addu'a da ƙarfi kamar mai faɗa da wani. Da na bar kwalta na shiga hanyar laka sai tafiya ta canza. Na faɗi sau biyu, farar rigar ta koma ja. A rafin da ke kusa da gari ruwa ya kawo har gwiwa, na sauka na tura. Da na hango rumbunan Tafoki sai na kashe injin, na kasa kunne ko zan ji kuka. Babu. Na bi ta gefen maƙabarta ina leƙen sabuwar ƙasa. Babu. Sai na ji wani ƙarfi ya shigo ni, na yar da babur a bakin hanya na ƙarasa da ƙafa a guje.

Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, an riga an ɗauko makara daga masallaci an jingine ta da bangon zaure. Suka ce sannu da zuwa, har yanzu da sauran numfashi, Allah bai yi ba tukuna. Ban tsaya gaisuwa ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. A ɗaki malam yana karatu a gefe, an kwantar da Kawu a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, alawayyon nan a naɗe a kan adaka. Ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke, don tun jiya ake ɗiga masa ruwa a baki da cokali yadda ake yi wa mai barin duniya. Inna, matarsa, wadda ta raine ni, ta ja ni gefe. Ta ce da safe tana goge masa ƙafa da ruwan ɗumi, ta taɓa fason da ke diddigensa, ya janye ƙafar. Ta gaya wa ɗanta, ya ce ta yi haƙuri, ɗan asibiti ya riga ya auna, wannan fizgar rai ce. Ta ce ita ba ta san lamba ba, amma tun tana amarya take shafa wa fason nan man kaɗe, ta san yadda yake janye ƙafa idan ya ji zafi, kuma haka ya janye.

Na durƙusa na ciro biro. Na matse masa farce. Ya fizge hannun! A gidan motsi huɗu ke nan. Na ƙara matsawa, fatar idonsa ta ɗan ɗaga, biyu. Sai ya yi wani nishi mai kama da na jin haushi, irin wanda yake yi idan sa ya taka masa shuka, biyu. Takwas! Na yi ihu har malam ya saki karatu. Na ƙwace cokalin daga hannun wata gwaggo, na ce daga yanzu ko ɗigo kada a sa masa. Na nemo jijiya na sa ƙarin ruwa, na ba Inna kwalbar ta ɗaga sama, tana kuka tana dariya.

Sai abu mai wuya: fita gaban dattawa. Na tsaya da rigata mai laka na jera musu. Na farko, Kawu yana da rai kuma yana dawowa. Na biyu, ni na yi kuskure jiya. Na uku, yanzu-yanzu za mu maida shi asibiti. Wani tsoho abokin Kawu tun ƙuruciya ya tambaye ni, jiya uku, yau takwas, wa ya ƙara biyar ɗin. Na ce Baba allurar barci ce aka yi masa, yanzu take barin jikinsa. Ya ce to ashe ku kuka sa shi barci, kuma ku kuka aiko mana cewa tafiya yake yi. Ba wanda ya yi dariya. Taubashina ya taso ya cakumi wuyan rigata, idonsa jajir, ya ce ya dangwala yatsa a kan ran ubansa saboda maganata. Ban ɗaga hannu ba. Ya kalle ni ya kalle ni, sai ya sake ni ya ruga garke ya kamo shanu.

Wani ya ce a ɗauko shi a makara tunda tana kusa, ta fi sauƙin ɗauka. Inna ta leƙo daga zaure, ita da ba a jin muryarta a gaban maza, ta ce mijinta ba zai hau wannan abu da ransa ba, a maida ta inda aka ɗauko ta. Aka ciro ƙyauren ɗakinsa aka ɗora shi a kai, aka sa a amalanke, shanunsa biyu suka ja shi. Na ɗaure kwalbar a sanda na riƙe sama, ɗaya hannun yana tallafe da kansa don kada ya juya rigingine. Rabin gari ya biyo mu, a rafi matasa suka shiga ruwa suna tura ƙafafun amalanken suna kabbara. A hayin rafin muka yi kiciɓis da ɗiyarsa daga Damari, ta hango taro da mutum a kwance ta zube ƙasa tana kururuwa. Yayanta ya daka mata tsawa ya ce ta tashi ta kama masa ƙafa, da rai yake, wannan mai lissafin ne ya kashe shi a takarda. Da na ji ya koma yi mani ba'a sai na san ya fara hucewa. A bakin kwalta muka tsayar da tifar masu aikin hanya, direban ya ce a hau ba tare da ya tambayi komai ba. Kafin la'asar Kawu yana kan gadon da na cire shi.

Zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, likita ya ce ruwan cokalin nan ya shiga huhu. Ya kuma ce kwanciyar da aka yi masa a gefe don fuskantar alƙibla ta taimaka ƙwarai, da rigingine aka bar shi da wuya mu same shi. Aka shiga yi masa allurai. Safe da yamma likita yana aunawa, ni yana sa ni in rubuta: tara, goma, goma sha ɗaya. Ran kwana na huɗu da hantsi ina canza masa zane, sai ya buɗe ido ya dube ni, ya ce wa ya ba shanu ruwa. Na saki zanen na fita ina kiran likita da sista da taubashina gaba ɗaya, duk ɗakin ya ɗauki murna, har wani mai karyayyar ƙafa yana buga gado da sanda.

Kawu ya tashi, amma ba yadda yake ba. Tari ya zauna masa, numfashinsa ya gajarta, bai sake riƙe garma ya kai ƙarshen kunya ba. Yakan manta sunan jikokinsa. Na sami likita na tambaye shi kai tsaye ko ni na jawo. Bai lallashe ni ba. Ya ce mantuwar ba zai iya sanin daga ina ta zo ba, tana iya zama daga tsayawar zuciya. Amma huhun, da Kawu ya kwana a asibiti babu mai sa masa cokali a baki. Bai sa an kore ni ba. Ya zaunar da ni a teburinsa ya ce in sake kwafar katin, in fara daga ƙasa. Na yage tsohon shafin, na rubuta layi biyun nan a sama da jan biro, na ba su lamba ta ɗaya da ta biyu. Na kuma je na ba sista haƙuri a gaban kowa. Daga ranar ban sake gaya wa wani ɗan jinya lamba ba.

Kawu bai taɓa yi mani faɗa ba. Abin da ya yi ya fi faɗa. Ya hana a taɓa alawayyon nan, ya sa aka ajiye masa a adaka. Duk lokacin da na je gaishe shi, bayan an ci abinci, sai ya ce wa Inna ta fito da kayan da ɗana na asibiti ya sa aka saya mani a sha iska, kada asu ya ci. Sai a shanya a igiya, yana tari yana dariya, taubashina yana kirana Malam Uku. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya. Ya aurar da autarsa, ya ga 'ya'yana. Ranar da ya cika, a ɗakinsa cikin iyalinsa yadda ya so, da wannan alawayyon muka suturta shi. Ni na warware shi, duk inda aka naɗe ya yi ja-ja saboda daɗewa. A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar amalanke.

Yanzu na tsufa, ina jin asibitoci suna da na'urori da lissafai da suka fi katinmu nesa, masu nuna yadda wanda zuciyarsa ta tsaya zai iya kasancewa. Ban raina su ba. Katin nan bai yi ƙarya ba, ni na ɗauki rabinsa na bar rabi. Ga ma'aikatan asibiti, musamman ƙanana irina na da: kada ku yi aiki da abin da ba ku karanta har ƙarshe ba, idan rubutu ya gagare ku ku tambaya, kunyar minti ɗaya ce. Kada ku auna mutum sau ɗaya ku yanke masa, kuma kada ku faɗi abin da ba huruminku ba ne don a ce kun sani. Ga masu jinya kuma: kada ku ɗauke naku daga asibiti a kan maganar baranda, ko da ɗanku ne ya faɗa, ku jira likita, ku tambaye shi wace allura aka yi da kuma kwana nawa ya kamata a jira. Idan kuma wadda ta fi kowa sanin jikinsa ta ce ta ga ya motsa, ku tashi ku je ku duba. Littafin yana nan a akwatina har yau. Duk wanda ya buɗe shi, abin da zai fara gani layi biyun nan ne.